Gyaran tsohuwar Chevelle: kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Tambaya: Malam, ina zaune a jihar Ohayo ta Amurka. Wani maƙwabcina yana son ya sayar mini da motar Chevrolet Chevelle ƙirar 1970 a kan dala 12,000. Shekara goma sha biyar ke nan tana ajiye a gareji, ba ta tashi, kuma tsatsa ta ɗan ci ƙasanta. Ya ce mini SS ce, wato Super Sport, samfurin Chevelle mai ƙarfin inji. Ina ganin yadda ake sayar da irinta da tsada a gwanjo. In na saya na gyara, zan ci riba?

Amsa: Ɗan'uwa, kalmar da ta fi tsaya mini a rai a wasiƙarka ita ce "ya ce". Daga 1969 kamfanin Chevrolet ya mayar da SS ƙarin kaya ne da mai saye yake zaɓa a kan Chevelle, don haka lambar jikin motar 1970 ba za ta nuna maka ko asalin SS ce ko Malibu ce (Chevelle ta gama-gari) aka liƙa wa tambari ba. Tambarin kuwa kowa na iya saya ya ɗaura. Abin da ke raba gardama shi ne takardar da ma'aikatan masana'anta suka yi amfani da ita wajen harhaɗa motar, wadda akan tsinta a maƙale cikin kujera ko a saman tankin mai. Ka nemi wannan takarda, sannan ka duba ko lambar da aka buga a jikin injin ta dace da ta motar. In ba su samu ba, ka yi cinikinta a matsayin Malibu.

Dalilin da ya sa na matsa a nan shi ne, kuɗin gyara bai san darajar mota ba. Mai walda da mai fenti awa suke ƙirgawa, kuma gareji mai kyau a Amurka kan karɓi dala 100 ko fiye a kowace awa. Gyaran da za a tuɓe mota har ƙashi, a raba jiki da shasi, yana iya cin awa dubu. Ka ga dala 100,000 ke nan tun ba a sayi ko noti ɗaya ba. Awoyin nan ɗaya ne, ko Malibu mai ƙaramin inji 307 ake gyarawa, ko SS 454 mai injin LS6 da aka yi wa ƙiyasin ƙarfin doki 450. Ta biyun za ta iya mayar da kuɗin. Ta farkon, ko an wanke ta da zinariya, Malibu ce.

Motocin da kake gani a gwanjon Barrett-Jackson na Arizona ko na Mecum su ne ke sa mutane yi wa rogo kallon kitse. A 2014 an sayar da Plymouth Hemi 'Cuda ƙirar 1971 mai buɗaɗɗen sama a kan dala miliyan 3.5, gaskiya ne. To amma irinta da aka ƙera a shekarar ba su wuce goma sha kaɗan ba. Chevelle kuwa dubban ɗaruruwa aka zuba kasuwa a 1970. Kuma masu gwanjo suna yankar kamashonsu daga mai saye da mai sayarwa, ga kuɗin dakon motar zuwa wurin.

Sai maganar tsatsa, wadda ka ce "ta ɗan ci". Ohayo na cikin jihohin da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kuma tsatsa daga ciki take fara ci. Na taɓa sayen Mustang ƙirar 1967 da na ɗauka ƙofofi biyu kawai za a taɓa. Da aka kankare fentin, sai ga ƙasan but da wajen ajiye ƙafa duk an cike su da kwaɓin toshe rami (wanda ya yi aikin gwani ne, Allah Ya isa). Shekara uku ta yi a gareji, na sayar da ita da asarar da har yau uwargida ba ta bar tuna mini ba. Don haka kafin ka biya, a ɗaga motar sama, ka shiga ƙarƙashi da tocila da sukudireba ka tsokani shasin, ka bi gefen tayoyin baya da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne.

In riba kake nema, shawarata ka bar ta, sai fa in takardun sun tabbatar SS ce mai injinta na asali, a nan dala 12,000 araha ce sosai. In kuwa sha'awar tuƙa ta ce, akwai hanya mai sauƙi: a tayar da injin, a gyara birki da wayoyi da tayoyi, a bar fentin yadda yake. Ko kuma ka sayi wadda wani ya riga ya gama gyarawa, ka nemi ya ba ka rasitansa da hotunan aikin kafin a shafa fenti.