Tambaya da Amsa: Me ya kai bikin fina-finai ƙauyen masu tarin fuka?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ji a rediyo cewa a ƙasar Poland ana yin bikin fina-finai duk shekara don tunawa da wani darakta, wai shi mai faɗakar da al'umma ne. Wane ne shi? Kuma faɗakarwar tasa irin ta fina-finanmu ce?
Daga wata ɗaliba a Zariya

Amsa: Barka kadai, 'yar'uwa. Mutumin da kike nufi sunansa Krzysztof Kieślowski. An haife shi a Warsaw, babban birnin Poland, a 1941, ya rasu a 1996 bayan tiyatar zuciya. Bikin kuwa sunansa Hommage à Kieślowski, kuma tun 2011 ake yin sa a Sokołowsko, wani ƙauye cikin duwatsu kusa da iyakar ƙasar Czech.

Ciwon mahaifinsa ne ya haɗa shi da ƙauyen. Tsohon ya yi fama da tarin fuka, iyalin suka riƙa bin sa daga wannan gidan jinya zuwa wancan, Sokołowsko kuwa tun ƙarni na 19 an san shi da jinyar masu wannan cuta. A can akwai wata 'yar silima. Shi da bakinsa ya ba da labarin cewa in babu kuɗin tikiti, sai su hau rufin da abokansa su leƙa ta wata kafa. Silimar tana nan, a cikinta ake haska fina-finan bikin, sannan a zauna da waɗanda suka yi aiki da shi a yi ta tattaunawa.

To, batun faɗakarwa. A yawancin fina-finanmu na gida, kafin a tashi sai mugu ya ga sakayya, ko wani dattijo ya fito ya yi nasiha. Wannan bawan Allah ba ya yi wa kowa nasiha. Ya fara ne da fina-finan gaskiya, wato masu ɗaukar ainihin rayuwar mutane, a zamanin mulkin kwaminisanci, lokacin da talabijin ɗin gwamnati ke cewa komai lafiya lau. Sai ya ɗauki kyamara ya shiga wani asibiti a Warsaw, ya kwana da likitocin ƙashi. Ga gajiya, ga ƙarancin kayan aiki, ana tsakiyar tiyata gudumar da likita ke aiki da ita ta karye. Babu mai sharhi a fim ɗin, babu wanda ya zagi gwamnati. Duk ɗan ƙasar da ya kalla ya san inda maganar ta dosa.

Abin da ya fi burge ni shi ne dalilin da ya sa ya janye daga irin wannan aiki. Yana ɗaukar fim a babbar tashar jirgin ƙasa ta Warsaw, 'yan sanda suka ƙwace abin da ya ɗauka, suna neman wadda ake zargi da kisan kai ko kyamara ta kama ta. Ba su samu komai ba, amma abin ya tsaya masa a rai: ashe kyamararsa za ta iya zama idon hukuma ba da saninsa ba. Daga nan ya ƙara karkata ga ƙagaggen labari.

A nan ne ya yi Dekalog, fina-finai 10 na talabijin da ya rubuta da wani lauya, Krzysztof Piesiewicz. An gina su kan dokoki goma na Annabi Musa, duk a unguwa ɗaya mai dogayen benaye a Warsaw. Na biyar, wanda aka faɗaɗa ya ci kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa a 1988, shi ne mai tsayawa a wuya. Wani matashi ya kashe direban tasi babu gaira babu dalili, aka nuna kisan dalla-dalla na kusan minti 7. Daga baya hukuma ta rataye shi, aka nuna wannan ma dalla-dalla, har da yadda mai rataya ke gwada igiya da tiren da aka ajiye a ƙarƙashi. Bai wanke yaron ba, bai kuma sassauta wa hukuma ba.

Za ki ji ana cewa fim ɗin ne ya kawo ƙarshen hukuncin kisa a Poland. Ni dai ina ganin an zuzuta. Gaskiya ne a 1988 aka yi rataya ta ƙarshe a ƙasar, amma sai a 1998 dokar da ta soke hukuncin ta fara aiki, bayan mulkin kwaminisanci ya daɗe da faɗuwa. Fim ɗin ya hura wutar muhawara, wannan kam babu ja.

In za ki nema, fara da Dekalog na ɗaya. Na biyar ɗin kuwa kada ki kalle shi da yara a ɗaki.