Tambaya da Amsa: Tsakanin lens ɗin kyamara 200-500 da 150-600, wanne zan ɗauka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina da kyamarar Nikon D7500, ina son ɗaukar tsuntsaye, wani lokacin kuma wasan ƙwallo, lens ɗin da nake da shi a 300mm ya tsaya, tsuntsu sai ya fito ɗan mitsitsi a tsakiyar hoto. Na tara kuɗi zan sayi babba amma kaina ya ɗaure tsakanin Nikon 200-500mm da Sigma 150-600mm Contemporary da Tamron 150-600mm G2. Abokina ya ce in ɗauki mai 600 kawai tunda ya fi nisa. Don Allah a ba ni shawara.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. To, maganar abokinka tana kan hanya amma ba ta kai inda yake zato ba. Bambancin 500 da 600 kashi 20 cikin ɗari ne kacal, wato tsuntsun zai ɗan ƙara girma a hoto, abin da in ka ɗan datse gefen hoton a kwamfuta ko ka matsa gaba kaɗan ka cike shi. Kuma ka tuna sensar D7500, wato abin da ke karɓar hoton a cikin kyamara, ƙarama ce, irin wadda Nikon ke kira DX, duk lambar mm da ka gani a jikin lens sai ka ninka ta da 1.5, ka ga 500 ta koma kamar 750 kenan, 600 kuma 900. Daga 300 ɗin da kake kai yanzu ko wanne ka ɗauka za ka ga canji sosai.

Abin da ya kamata ka tsaya a kai shi ne haske da nauyi. Nikon ɗin, wanda ya fito a 2015, faɗin ƙofar haskensa yana nan a f/5.6 (ƙaramar lamba ita ce haske mai yawa) tun daga 200 har 500 ba ya canzawa, su kuwa Sigma da Tamron a f/5 suke farawa, kana zum ƙofar hasken tana tsukewa har ta kai f/6.3. A takarda tazarar kaɗan ce, amma tsuntsu ba ya zama wuri ɗaya, in yana tashi sai ka kai saurin shota wajen 1/2000 na daƙiƙa kafin fukafukin su fito tas, kuma lokacin da tsuntsaye suka fi walwala shi ne sassafe da yamma lis, daidai lokacin da haske ya yi ƙaranci, sai ka ga ISO, wato ƙarin hasken da kyamara ke yi wa hoto, yana ta hawa hoto yana fitowa da tsaki-tsaki. A nan ɗan abin da Nikon ya fi su yana amfani. Kar kuma ka ruɗu da maganar VR ko OS ko VC da aka rubuta a jikinsu, duk abu ɗaya ne, rawar hannunka suke gyarawa, ba sa tsayar da abin da ke motsi.

Nauyi kuwa shi ne abin da mutane ba sa ɗauka da muhimmanci sai an saya an kai gida. Nikon ɗin ya kai kilo 2.3, Tamron kusan kilo 2, Sigma Contemporary ya ɗan gaza 2. Za ka ce ai giram ɗari uku ko huɗu ba komai ba ne, to ka ɗaga shi saitin ido ka tsaya kana jiran tsuntsu ya juyo da kai, ba a minti biyu hannun hagu zai fara kyarma, daga nan sai ka sauke, kana saukewa kuwa shi ne zai buɗe fukafuki ya tashi. Shi ya sa ko wanne ka saya ka haɗa da sandar nan mai ƙafa ɗaya da ake ɗora kyamara a kai, musamman ranar ƙwallo. Af, kar a haɗa ka da Sigma 150-600 Sports a ce ai duk ɗaya ne, wancan ya kusa kilo 3.

Wajen ƙwallo kuma 150-600 sun fi daɗin sha'ani, don in ɗan wasa ya taho da gudu ya nufo ka, 200 a kan DX ta yi tsawo, sai ka ga ƙafa ko kai ya fita daga hoto, ga shi zoben zum na Nikon ɗin sai ka murɗa shi da nisa kafin ka dawo daga 500 zuwa 200, sau da yawa sai ka saki ka sake kamawa. Tamron G2 na 2016 ya kuma zo da robobin da ke tare danshi a gaɓoɓinsa, Sigma Contemporary a bakin da yake haɗuwa da kyamara kawai aka sa masa. Dukkansu uku suna miƙewa ne in ka yi zum, suna shaƙar iska, don haka ƙura za ta shiga komai daɗewa, kar hankalinka ya tashi in ka hango ɗan ɗigo a cikin gilashin, yawanci ba ya fitowa a hoto.

Na san tambaya ta gaba ita ce ta talakonbata, wato ɗan gilashin da ake sawa tsakanin lens da kyamara ya ƙara nisa. Mai 1.4 yana cinye rabin hasken, Nikon ɗin zai koma 700mm f/8, kuma D7500 za ta iya kama fokas da kanta a haka amma da ɗigon tsakiya kawai. Masu 600 kuwa sai su koma f/9, fokas ya dinga kai-komo yana lalube. Ban da haka in abu ya yi nisa sosai a ranar zafi, iskar da ke tasowa daga ƙasa ita ke dagula hoton, ba lens ɗin da zai yi maganin wannan sai dai ka matsa kusa.

Tunda tsuntsaye ka fara ambata, ni dai Nikon 200-500 zan ce ka ɗauka in kafaɗarka za ta iya. In ƙwallon ta fi yawa a aikinka ko kana yawan tafiyar ƙasa da kaya a wuya, ɗauki Tamron G2, Sigma kuma in sauƙin nauyi ne gaba da komai a wurinka. Kafin ka biya ka tafi da kyamararka ka ɗaura shi, ka kai zum ƙarshe, ka buɗe ƙofar hasken duka, ka ɗauki wani rubutu daga nesa sannan ka faɗaɗa hoton ka duba, don ko lens iri ɗaya ne wani yakan fi wani kaifi, in kuma na hannu ne ka haska fitila cikin gilashin ka tabbatar ba fumfuna.