Amsar tambayar Malam kan mawaƙan karkarar Ostireliya

Salamu alaikum Malam, ya gida ya iyali, ya ɗalibai. A yi haƙuri amsa ta yi jinkiri, aikin dare ne ya riƙe ni satin nan. Kun tambaye ni wai mutanen nan da muke zaune cikinsu suna da waƙa ta gado kuwa ko dai kiɗan zamani ne kawai, sannan wane ne mai hular nan da ke jikin takardar dala goma da na aiko wa yara. To Malam wannan mutumin mawaƙi ne, sunansa Banjo Paterson, kuma ba a ambatonsa a nan sai an haɗa da wani mai suna Henry Lawson.

Abin da suke kira bush ba daji ne irin na namun dawa ba, duk inda ka bar manyan biranen bakin teku ka nufi cikin ƙasa, garuruwan makiyaya da masu askin tumaki da masu kora shanu tafiyar watanni, shi ne bush ɗinsu. Waƙoƙin kuma rubutattu ne, da kari da amsa-amo, amma ba a rera su da murya kamar yadda muke yi, haddace su ake yi a tashi tsaye a zubo su kamar mai ba da labari. Ni a garinmu na fara gani, wani dattijo maƙwabcina da ya yi rayuwarsa yana askin tumaki ya ja ni wurin karin kumallon mawaƙa, mutane na shan shayi, wannan ya tashi ya yi minti goma ba takarda a hannu, ya zauna wani ya karɓa, har da yara 'yan firamare. A Tamworth ma duk watan Janairu lokacin bikin kiɗansu haka ake yi kowace safiya. Wallahi ranar sai da na tuna yadda kuke sa mu haddace baitoci a aji.

Paterson an haife shi 1864 kusa da garin Orange, ya tashi cikin dawaki amma lauya ya zama a Sidni, sunan Banjo ɗin ma na wani dokinsu ne ya ɗauka yana sa hannu da shi a mujallar Bulletin. Waƙarsa da kowa ya sani ita ce The Man from Snowy River ta 1890, labarin wani ɗan doki mai tsada da ya tsere ya shiga cikin dawakin jeji, mahaya suka taru, aka raina wani saurayi saboda dokinsa ƙarami ne, da aka iso gangaren dutse kowa ya ja linzami shi kuwa ya saki nasa ya gangara, shi kaɗai ya koro su gida. Baitocin dogaye ne kuma karin nasu sukuwa yake yi, ko ba ka jin Turanci sosai kunnenka zai ji kofato. Ku da kuka san Dokin Iska na Narambaɗa ba sai na yi dogon bayani ba, daɗin da kunne ke ji iri ɗaya ne duk da hanyar ta bambanta. Shi ne kuma ya rubuta Waltzing Matilda a 1895 a wajen Winton, wadda a ƙuri'ar zaɓen taken ƙasa ta 1977 ta zo ta biyu, alhali labarin ɗan ƙodago ne da ya saci tunkiya ya faɗa ruwa don kada 'yan sanda su kama shi.

Amma ni Malam, in gaskiya za a faɗa, Lawson ne nawa, kuma na daɗe ina musu da dattijon nan a kan haka. An haife shi 1867 a filin haƙar zinariya na Grenfell, ubansa ɗan Norway ne, talauci ya tashi a ciki, kunnensa ya fara mutuwa yana shekara tara, kafin ya kai goma sha biyar kusan ba ya ji. Ina ganin shi ya sa rubutunsa na ido ne, yana kallon mutane ya ga abin da suke ɓoyewa. Shi ba ya yi maka ado, kalmominsa gajeru ne, zai ce maka ga fari, ga ƙura, ga mutum da bargo naɗe a baya yana bin gonaki neman aiki ana korarsa. A 1892 editan Bulletin ya ba shi tikitin jirgin ƙasa da fam biyar ya tafi Bourke cikin fari, ya taka da ƙafa har Hungerford bakin iyakar Queensland ya dawo, kuma abin da ya gani bai taɓa barinsa ba. Ƙarfinsa ma ya fi fitowa a gajerun labarai. Akwai The Drover's Wife, mace ce da 'ya'ya huɗu a bukka, miji ya tafi kora dabbobi wata da watanni, maciji ya shige ƙarƙashin ɗaki, ta kwashe yaran zuwa kicin ta kwana zaune da sanda da kare tana jira, cikin daren nan take tuno gobara da ambaliya da ɗan da ya mutu mata ba kowa kusa. Ranar da 'yata ta kawo shi daga makaranta muka karanta tare, sai na tuna Inna, shekarun da Baba ke tafiya cirani kudu ya bar ta da mu. Na kasa ƙarasa karatun da ƙarfi.

Su biyun sun yi sa-in-sa cikin waƙa a mujallar a 1892, Lawson ya ce masu yabon karkara daga birni suke yabonta, Paterson ya mayar masa cewa shi baƙin ciki kawai idonsa ke gani. Daga baya Paterson ya faɗa cewa sun shirya abin ne tsakaninsu don a riƙa biyansu kuɗin kowace waƙa, amma saɓanin na gaske ne, kuma har yau mutanen nan a rabe suke. Dattijona yana cewa wanda ya wuni cikin rana ba ya buƙatar a tuna masa wahala da dare, abin da zai ɗaga masa kai yake so, kuma ban ce ya yi ƙarya ba. Lawson giya ta ci shi, ya sha shiga kurkuku kan kuɗin ciyar da iyali, ya mutu 1922 ba shi da komai sai ga gwamnati ta yi masa jana'izar girmamawa. Paterson ya kai 1941 cikin rufin asiri. Takardar dala goman ma hoton Lawson ne a kanta tun 1966, sai 1993 aka sa Paterson, bayanta kuma Mary Gilmore ce, ita ma mawaƙiya.

Abu ɗaya da ke damuna da su duka, kuma ina faɗa wa yarana, ƙasar da suke wa waƙa tana da masu ita tun shekaru dubbai, amma 'yan asalin ƙasar da ƙyar kake ganinsu a baitocin, in sun fito ma a gefe ne. Ita Bulletin ɗin shekaru da yawa taken da ke goshinta cewa yake Ostireliya ta farar fata ce, sai 1961 aka cire. Sai 1964 Oodgeroo Noonuccal ta fitar da littafin waƙoƙinta, mace ta farko cikin 'yan asalin ƙasar da ta yi hakan, kuma ita ma ina so ku ji ta.

Watan Yuni ake bikin Lawson a Grenfell, in Allah ya kai mu zan je da yaran in ɗauko muku muryar masu karantawa a waya, ku saurari karin da kanku ku gaya min ko akwai wanda ya yi kusa da namu. A gaida Hajiya da yara.