Me ya sa bash ba ta ganin fayil ɗin da ke gabana?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Tawa, ina koyon Linux a kan Ubuntu. Na kwafo wani ɗan fayil na umarni mai suna ajiya.sh a filashi daga kwamfutar abokina. Idan na buga ls ina ganinsa, amma idan na buga sunansa sai a ce mini "commande introuvable". Da na gwada ./ajiya.sh kuma sai aka ce "Permission non accordée". Ina matsalar take?

Amsa: Ƙanena, saƙonnin nan biyu ba ciwo ɗaya ba ne, kowanne yana nuna maka inda aikin ya tsaya.

Idan ka buga suna kawai, bash, wadda ita ce shel ɗin da Ubuntu ke buɗe maka, wato manhajar da ke karɓar umarnin da kake bugawa, ba ta leƙa foldar da kake ciki ko kaɗan. Tana fara duba ko sunan laƙabi ne da aka yi wa wani umarni, ko wani aiki ne da aka tsara mata, ko kuma ɗaya daga cikin umarnin da ke jikinta, irin su cd da echo. In ba ta samu ba, sai ta koma ga PATH, wato jerin foldoji da aka raba da ɗigo biyu (:). Buga echo $PATH, za ka ga jerin da ya ƙunshi /usr/local/bin da /usr/bin da /bin. Daga hagu zuwa dama take bin su, kuma fayil na farko da ya dace shi take ɗauka. Idan jerin ya ƙare ba ta ga komai ba, sai ta ba ka saƙon farko tare da lamba 127, wadda echo $? zai nuna maka. Amma da zarar akwai alamar / a cikin sunan, ta bar bincike ke nan, ta tafi kai tsaye inda ka nuna. Abin da ./ ya yi maka ke nan, domin ɗigon yana nufin foldar da kake tsaye.

Da gangan aka tsara haka. A tagar cmd ta Windows ana fara duba foldar da mutum yake ciki, shi ya sa wasu ke ba da shawarar a sa ɗigo a farkon PATH don a huta. Ni ban yarda da wannan shawara ba ko kusa. A kwamfutar da ɗalibai da yawa suke amfani da ita, wani zai iya ajiye fayil mai cutarwa a /tmp ya sa masa suna ls, kai kuma ka shiga can ka buga ls cikin rashin sani, sai nasa ya tashi da cikakken ikonka a kan fayilolinka.

Saƙo na biyu, mai lamba 126, yana nufin an ga fayil ɗin amma ba shi da izinin aiki. Galibin filashi a tsarin FAT32 ko exFAT suke, kuma waɗannan ba su riƙe izini irin na Linux. Kwafo shi cikin gidanka a kwamfutar, wato foldar da Ubuntu ta ware maka, ka buga ls -l. Idan ka ga -rw-r--r-- babu harafin x, sai ka buga chmod +x ajiya.sh.

Idan ka sake buga ./ajiya.sh, daga nan aikin ya bar hannun bash. Tana haifar da wani sabon aiki, ta roƙi kanel, wato zuciyar Linux, ya ɗora fayil ɗin a kansa. Kanel yana karanta farkon fayil: manhaja irin ta ls tana farawa da tambarin ELF, wato alamar manhajar da ke cikin harshen na'ura, sai a tashe ta kai tsaye, idan kuwa ya ga #! sai ya ɗauki sauran layin a matsayin mai fassara, misali #!/bin/bash, ya miƙa masa fayil ɗinka. A nan ka yi hattara. In a Windows abokinka ya rubuta shi, ƙarshen kowane layi yana ɗauke da wani ɓoyayyen harafi, sai kanel ya shiga neman /bin/bash haɗe da wannan harafi, wanda babu shi. Umarnin dos2unix ajiya.sh yana gyara wannan. Haka kuma, tunda a sabon aiki fayil ɗin yake gudana, duk cd da ya yi a ciki ba ya taɓa shel ɗinka. Idan kana son ya taɓa ta, sai ka buga source ajiya.sh.

In kana so ka riƙa kiransa da suna daga ko'ina, ƙirƙiri foldar ~/.local/bin ka sa shi a ciki, ka fita ka sake shiga, domin fayil ɗin ~/.profile na Ubuntu yana ƙara ta a PATH idan ya same ta. Kafin ka raɗa wa fayil suna, buga type -a da sunan, don kada ka zaɓi wanda ke da mai shi, kamar test, wanda bash za ta fifita nata a kan naka.