Radiyetar ɗakin yara ta ƙi ɗaukar zafi, mene ne abin yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a gidan haya mai bene ɗaya a Manchesta da ke Ingila, kuma wannan ne hunturunmu na biyu a cikinsa. Da sanyi ya shigo muka kunna na'urar ɗumama gida, duk radiyetocin, wato ƙarafunan jikin bango da ruwan zafi ke bi ta cikinsu su ɗumama ɗaki, suka ɗauki zafi, ban da ta ɗakin yara da ke sama, wadda take sanyi ƙalau daga sama har ƙasa. Maigidana ya sayo ɗan mabuɗin fitar da iska ya buɗe ta, amma ruwa ne ya fito nan take. Bara lafiya lau take aiki. Me ya same ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin taimaka ƙwarai da kika faɗi inda sanyin yake, domin a wannan aiki tafin hannu shi ne kayan bincike na farko. Boila ce ke dafa ruwa, wani ɗan inji ya riƙa tura shi cikin bututu yana zagaya ɗakuna ya dawo, kuma kowace radiyeta tana da bawul biyu a ƙasanta, wato abin buɗewa da rufe hanyar ruwa, ɗaya ta inda ruwa ke shiga, ɗaya ta inda yake fita. Idan ƙasan radiyeta da zafi samanta da sanyi, iska ce ta taru ta hana ruwa hawa, kuma wannan ce kaɗai matsalar da mabuɗin da maigidanki ya sayo yake magancewa. Idan sama da zafi amma tsakiyar ƙasa da sanyi, laka ce ta kwanta. Taku kuwa ko'ina sanyi ne, ga shi ruwa ya fito ba tare da huci ba, wato a cike take da ruwa, sai dai ruwan a tsaye yake, ba ya shiga ba ya fita.

Abin da na fi zargi shi ne bawul mai lambobi, wanda ake murɗawa daga alamar tauraro zuwa 5. A cikin kansa na roba akwai wani abu da ke kumbura idan ɗaki ya yi ɗumi, sai ya danna wani ɗan tsinken ƙarfe da ke ƙarƙashinsa ya toshe hanyar ruwa. Idan ɗakin ya huce, wani ɗan sifirin da ke ciki, wato naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe mai turowa, ya ɗago tsinken, ruwa ya ci gaba da wucewa. To, duk tsawon bazara tsinken nan yana danne wata huɗu ko biyar ba ya motsi, musamman idan an bar bawul ɗin a ƙaramar lamba, har ya manne a wurin. Shi ya sa irin wannan ƙorafi ya fi yawa a watan Oktoba da Nuwamba, a kan radiyetar da ta yi aiki lafiya bara.

Ga yadda za ku gwada. Ku murɗa kan zuwa lamba mafi girma, sannan ku kwance zoben da ke riƙe da shi a wuyan bawul ɗin, wanda galibi hannu ma yana kwance shi. Kada ku ji tsoro, ruwa ba ya fitowa a nan, domin kan roban ba ya taɓa ruwa. Da kun cire shi za ku ga tsinken a tsakiya, bai kai kaurin tsinken ashana ba. Ku danna shi da bayan cokali. Lafiyayye zai nutse kaɗan, kamar milimita biyu, ya dawo da kansa da zarar an saki. Idan ya ƙi motsi, ku ɗan ƙwanƙwasa gefen jikin bawul ɗin a hankali da ƙotar sukundireba, ku ɗiga masa ɗan man warware tsatsa, ku yi ta dannawa kuna saki har ya fara dawowa. Ina roƙonku kada ku kama shi da filaya ku fizgo da ƙarfi, saboda a wasu nau'o'in tsinken kan fito gaba ɗaya, baƙin ruwa ya biyo shi ya ɓata kafet. Idan ya saki, cikin minti goma zuwa sha biyar za ku ji bututun da ke shiga ya fara ɗumi a hannunku. Idan kuma radiyetar tana zafi muddin kan yana cire, amma ta huce da an mayar da shi, kan ne ya lalace, kuma sauya shi ba ya buƙatar zubar da ruwa.

Akwai wani abu da nake yawan gani a gidajen da ke da ƙananan yara. Da uwa ta ga ɗaki da sanyi sai ta kawo hita ta lantarki ta ajiye dab da radiyetar, ko ta shanya kayan yara su rufe bawul ɗin. Shi kuwa zafin iskar da ke kewaye da shi yake ji, sai ya ɗauka ɗakin ya yi ɗumi ya rufe kansa. Saboda haka ku kashe hitar, ku janye labule da tufafi daga wurin kafin ku yi gwajin.

Idan tsinken lafiyarsa ƙalau, ku koma ɗaya ɓangaren, inda bawul na biyu yake da hular roba marar lamba. Wannan shi ke ƙayyade rabon ruwan da radiyetar za ta samu, kuma wani lokaci masu fenti ko masu gyara kan rufe shi su manta. Ku cire hular, ku sa ƙaramar sifana ku juya shi rabin zagaye saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya, ku rubuta yawan juyin da kuka yi domin ku iya mayar da shi yadda yake. Idan har yanzu shiru, ku rufe sauran radiyetocin gidan na kamar minti ashirin, ku bar wannan ita kaɗai. Duk ƙarfin injin zai koma kanta, kuma hakan kan tunkuɗe iskar da ta maƙale a cikin bututu. In ta yi zafi a lokacin, sannan ta sake hucewa bayan kun buɗe sauran, to rabon ruwan ne bai daidaita ba, domin ruwa hanya mafi sauƙi yake bi, waɗanda ke kusa da boila suna kwashe kaso mafi yawa. Maganinsa a rage buɗin bawul na biyu na makusantan kaɗan-kaɗan, a bar na manisanciyar a buɗe sosai. Aiki ne na haƙuri, yakan ci yamma guda.

Tunda an riga an fitar da ruwa, ku duba agogon matsin ruwa da ke gaban boila. A yawancin na zamani allurar takan tsaya tsakanin lamba 1 da 1.5 idan ruwan ya huce, kuma idan ta faɗi ƙasa da haka ɗakunan sama ne ke fara jin jiki.

Da na so in san launin ruwan da ya fito. Idan baƙi ne kamar tawada, tsatsa tana cin cikin ƙarfen, kuma ita ce ke zama lakar da kan toshe siraran bututu. Wannan sai ma'aikaci ya wanke hanyoyin, ya zuba maganin hana tsatsa, ya kuma ɗaura matata mai maganaɗisu a bututun da ke komawa boila.

Duk taɓe-taɓen da na ce ku yi da kanku a jikin radiyeta suke, amma murfin boila kada kowa a gidan ya buɗe shi. A Birtaniya aikin gas na wanda ke cikin rajistar Gas Safe ne, wadda ta fara aiki a 2009, kuma kina da damar neman ganin katinsa kafin ya taɓa komai. Sannan da yake gidan haya ne, sashe na 11 na dokar mai gida da ɗan haya ta 1985 ya ɗora gyaran kayan ɗumama gida a wuyan mai gidan. Idan gwajin tsinken da na bawul na biyu ba su yi ba, ki rubuta masa ko wakilinsa yau ɗin nan, ki sa kwanan wata, ki ambaci cewa yara ne ke kwana a ɗakin, ki kuma faɗi abin da kuka riga kuka gwada domin ma'aikacin ya zo da kayan da suka dace. Idan bazara ta dawo, ku bar bawul masu lambobi a kan 5, ku riƙa murɗa su sau ɗaya a wata don kada tsinken ya sake mannewa.