Amsoshin Tambayoyinku: Wane Podkas Zan Saurara, Kuma Nawa Zai Ci Min?

Saƙonnin wannan makon kusan duk sun taru a wuri ɗaya, wato shirye-shiryen saurare na intanet da ake kira podkas. Na zaɓi biyar na taƙaita su.

Wata baiwar Allah mai ɗinki a Tudun Wadar Kaduna ta rubuto: "Malam, ina wuni a kan keke tun safe har la'asar. Ƙanena ya sa min Spotify ya ce in riƙa jin podkas. Duk wanda na buɗe sai in ji Turawa ko 'yan Legas suna ta dariya, ban ma san abin da ake wa dariyar ba. Babu na Hausa ne, ko ni ce ban iya nema ba?"

Hajiya, akwai na Hausa, kuma ba ke ce ba ki iya ba. Abin da manhaja ke jerawa a shafin farko shi ne wanda ya fi tara jama'a a ƙasar baki ɗaya, shi ya sa hirar Turanci ke rufe komai. Spotify ma sai a 2021 ta shigo Najeriya, kuma ba da mai ɗinki a Kaduna a zuciya aka tsara wannan shafin ba. Ki rabu da shi, ki je wurin bincike ki rubuta sunan shiri kai tsaye.

Ki fara da Najeriya a Yau na jaridar Aminiya, gajere ne, yana ɗaukar batu ɗaya da ake magana a kai ya ji ta bakin mutane. Suna da wani na mako-mako mai suna Daga Laraba. Sashen Hausa na RFI yana ajiye shirye-shiryensa ɗaya bayan ɗaya, kuma ke da kike sana'a ina ganin Kasuwa a Kai Miki Dole zai yi miki, sai Lafiya Jari Ce da Tambaya da Amsa. A wajen DW ki nemi Taɓa Ka Lashe idan kina son al'adu. BBC Hausa kuma tana da Lafiya Zinariya, wanda ya fi karkata ga lafiyar mata da yara.

Za ki ce ai waɗannan rediyo ne. Rediyon ne, bambancin kawai shi ne wannan yana jiran ki. In kwastoma ta shigo awo sai ki tsayar, ta fita ki ci gaba daga inda kika tsaya. Kalmar podkas ɗin kanta a 2004 wani ɗan jarida a Ingila ya haɗa ta daga sunan na'urar iPod, amma kunnen Bahaushe ya daɗe da sanin abin. Tun 1957 BBC ke magana da Hausa, DW tun 1963, kuma iyayenmu sun san muryar da ta san aikinta da wadda take cika lokaci kawai. Wannan kunnen da kika gada shi za ki yi awo da shi.

Ga yadda nake gwada sabon shiri. Ina ba shi minti goma. A cikin minti goman nan ina lura ko mai gabatarwa yana barin baƙo ya kai ƙarshen maganarsa, ko kuwa da baƙon ya kama hanyar faɗin abu mai amfani sai ya katse shi don a ji tasa muryar. Wannan ɗabi'ar ta yi yawa a sababbin shirye-shiryen hira da ake ɗorawa a YouTube, kuma tana ɓata min rai ƙwarai, domin sau da yawa baƙon yana da abin faɗa. Sai sauti: ke da ƙarar keke ke kunnenki, shirin da aka ɗauka a ɗaki mai amsa-kuwwa ba zai yi miki ba komai daɗin batunsa. In ya wuce wannan, na saurare shi har ƙarshe, sai in tambayi kaina ko akwai abu ɗaya da zan iya maimaita wa iyalina da daddare. In babu, na ba shi dama sau ɗaya kuma, daga nan mun rabu. Ki kuma duba ranar da aka ɗora kashi na ƙarshe. Masu farawa da zafi su yi kashi biyar su ɓace suna da yawa.

Abu ɗaya nake roƙon ki. Duk shirin da ake bayanin ciwo, sannan a ƙarshe mai bayanin ya ba da lambar waya ya ce maganin yana wurinsa, talla kike ji, ko da an kira shi likita. Ki ji daɗin hirar in kina so, amma kada ki sha komai a kan maganarsa.

Wani direban babbar mota da ke jigila tsakanin Kano da Fatakwal ya ce: "Data ke cinye min kuɗi. Ance sai na biya kuɗin wata kafin in ji podkas ba tare da intanet ba. In biya?"

Ɗan'uwa, kada ka biya. Kuɗin wata da Spotify ke karɓa na masu son sauke waƙoƙi ne da kauce wa talla a cikinsu. Podkas kuwa ana sauke shi kyauta ko da asusunka na kyauta ne. In wayarka Android ce, ni AntennaPod na fi so: ba ta da nauyi, ba ta sa nata tallan, ba ta neman ka buɗe asusu, kuma kana iya hana ta taɓa datar layinka sai ka yarda. Mai iPhone yana da Apple Podcasts a wayarsa tun daga kanti. In wani ya ce maka Google Podcasts, an rufe ta a 2024.

Bari mu yi lissafi. Shirin magana da aka matse a kilobit 64 a daƙiƙa yana cin kusan megabayit 29 a awa ɗaya. Wanda aka ɗora a kilobit 128 yana cin kusan 58. Ke nan gigabayit ɗaya zai ba ka tsakanin awa 17 zuwa 35 na saurare. Inda kuɗinka ke tafiya shi ne bidiyo. Kana buɗe hira a YouTube ka ajiye wayar a kan dashbod, hoton yana ta gudu yana shan data ninki-ninki, kai kuwa idonka yana kan titi. Ka sayi datar dare da kamfanonin waya ke sayarwa da araha, ka sauke abin da zai kai ka kwana uku kafin ka tashi daga gareji, ka sa manhajar ta riƙa goge wanda ka gama ji. Wannan zai kuma raba ka da yankewar sabis a daji.

Amma don Allah kada ka toshe kunnenka da iyafis kana tuƙi. Kana buƙatar jin hon na bayanka da ƙarar tayarka. In rediyon motar ba shi da Bluetooth, akwai 'yar na'urar da ake soka wa a ramin caji ta tura sautin waya zuwa tashar FM, ba ta da tsada. Ka jera shirye-shiryen tun kana tsaye, yadda ba sai ka taɓa waya a hanya ba.

Wata ɗaliba daga Damagaram ta ce Faransancinta ya zauna, Turanci take son ƙarfafawa, kuma tana son tarihi. Ta tambaya da wanne za ta fara.

'Yata, ki fara da ƙarami. 6 Minute English na BBC minti shida ne kamar yadda sunansa ya nuna, mutum biyu suna hira a hankali, kuma ana samun rubutun abin da suka faɗa. In kunnenki ya saba, ki koma Witness History, wanda ba ya wuce kusan minti goma, inda wanda abu ya faru a gabansa yake ba da labari da bakinsa. Ki rage gudun muryar zuwa 0.8, ki ji kashi ɗaya sau biyu. Ya fi miki a kan jin goma sau ɗai-ɗai.

In kin yi ƙarfi, akwai biyu da nake ƙauna. In Our Time, wanda Melvyn Bragg ya fara gabatarwa a 1998, yana tara malaman jami'a uku su tattauna batu ɗaya na kusan minti 45, kuma sun yi fiye da kashi dubu. Ki nemi na Daular Mali da na Ibn Khaldun. Na biyu shi ne Fall of Civilizations na Paul Cooper, kashin da ya yi a kan Daular Songhai. Ya haura awa biyu, daga Sonni Ali zuwa Askiya Muhammadu, har yaƙin Tondibi na 1591 da sojojin Maroko suka zo da bindigogi. Na saurare shi cikin dare uku, kuma da aka zo wurin watsewar malaman Timbuktu sai da na tsayar na yi shiru na ɗan lokaci. Ki ji shi, amma ki riƙe cewa baƙo ne ke ba da labarin yankinmu, ki kai abin da kika ji gaban malamanki na tarihi. Don labarin gida kuma kina da Studio Kalangou a Yamai, da ke shiri da Hausa da Zabarmanci da Faransanci da wasu harsunan Nijar.

Wani matashi daga Jos yana tambaya ko sai ya sayi iyafis mai tsada.

A'a. Muryar mutum ba ta buƙatar abin da kiɗa ke buƙata. Na taɓa sayen maras waya mai araha a wata kasuwa, cikin wata biyu kunnen hagu ya daina ɗaukar caji. Mai waya da na saya bayansa yana nan har yau, ba ya neman caji, ba ruwansa da ɗauke wuta. In dai wayarka tana da ramin sa shi, sayi wannan, ragowar kuɗin ka sa data.

Ta ƙarshe daga wani ma'aikaci ne a Abuja: "Ina tura wa 'yan'uwana shirye-shirye masu kyau a zauren WhatsApp na gidanmu, ba mai buɗewa. Wanda ya fi damuna mahaifina ne a ƙauye. Idonsa ya yi rauni, ya daina karatu, yana wuni shiru. Na saya masa babbar waya, ko taɓa ta ba ya yi."

Ɗan'uwa, Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya saka maka da alheri. Game da 'yan'uwanka, abin da aka jefa a zaure na kowa ne, don haka kowa yana ganin ba da shi ake ba. Ka zaɓi mutum ɗaya, ka tura masa kashi ɗaya, ka faɗa masa dalili: "Yaya, ji wannan daga minti na bakwai, maganar takin da kike yi jiya ce." Wanda aka ce masa ya saurari shiri mai kashi ɗari uku zai ce sai ya samu lokaci. Wanda aka ba minti goma a kan abin da ke damunsa yau zai buɗe.

Shi kuwa Baba, ba shirin ya ƙi ba, wayar ce ba tasa ba. Gilashi ne sumul, ba maɓallin da yatsa zai lalubo, mai raunin ido ba ya jin daɗinsa. Haka muka yi fama da wani kawuna. Abin da ya warware mana shi ne ƙaramin rediyon nan mai cin memori, irin wanda ake sayarwa a kowace tasha, mai batirin caji da manyan maɓallai. Na sauke masa shirye-shirye a kwamfuta, na sa musu lamba 01, 02, 03 a farkon suna don su bi layi, na zuba a kati. Ban cika shi ba, guda ashirin kawai na sa: tafsirin malamin da ya saba ji tun zamanin kaset, shirye-shiryen noma, da na amsa tambayoyin masu saurare, waɗanda ya fi so saboda yana jin sunayen garuruwan da ya yi fatauci. Na ɗiga masa ɗan gam a kan maɓallin tsayarwa don yatsansa ya gane shi.

Ka sayi kati biyu, ɗaya yana wurinsa ɗaya yana wurinka, duk mai zuwa gida ya tafi da sabo ya dawo da tsohon. Kuma kada ka zaɓa masa abin da kai kake ganin ya kamata ya ji. Ka kira shi ka tambaye shi muryoyin da yake kewa. Ran da na koma wurin kawu bayan sati uku, na tarar da shi a zaure da maƙwabtansa biyu a kan tabarma, rediyon a tsakiya, ya tsayar da shi suna gardama a kan ko mai maganar ya san gero da gaske. Kafin in gama gaisuwa ya miƙo min katin ya ce in ƙaro na noman, in rage na siyasa.