Man kanumfari zai iya farfaɗo da antibayotik da ya daina aiki?

Tambaya: Likita, ciwon mafitsara ya addabe ni, yana tafiya yana dawowa. An yi min awon fitsari, aka ce ƙwayar cutar ta daina jin ciprofloxacin. Na ji ana cewa man kanumfari ko na kirfa yana karya taurin kan irin wannan ƙwaya idan an haɗa shi da maganin. In riƙa ɗigawa a ruwa ina sha? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Don Allah kada ki sha. Maganar da kika ji tana da tushe, sai dai har yanzu a ɗakin gwaje-gwaje take, ba ta iso gadon asibiti ba.

Man kanumfari yana ɗauke da sinadarin eugenol, na kirfa kuma cinnamaldehyde. Sinadaran nan suna raunana fatar da ta lulluɓe bakteriya, sai magani ya samu kafar shiga. Wasu ƙwayoyin suna da wani abu kamar famfo da ke tofar da magani waje kafin ya yi aiki, an kuma ga cewa wasu mayukan tsirrai na rage ƙarfin famfon. Yadda ake gwadawa, faranti ne na roba mai ƙananan ramuka 96. A zuba antibayotik ta wannan ɓangare, mai ta wancan, kowane rami da nasa awo, a sa ƙwayar cutar, a bar shi ya kwana a ɗumi irin na jikin mutum. Da safe ramin da ya yi gurɓi ƙwaya ta rayu, wanda ya yi garau ta kasa. Sau da yawa akan ga magani kaɗan ya wadatar idan akwai man.

To amma a ramin nan man yana zaune kan ƙwayar ne kai tsaye. A jikinki sai ya bi ta ciki, hanta ta sarrafa shi, abin da zai kai mafitsara ba shi ne abin da kika haɗiya ba. Kuma ba kowane haɗi ne ke taimako ba. Akwai gwaje-gwajen da man ya rage wa antibayotik ƙarfi. Ga haɗari: cokalin shayi ɗaya ko biyu na man kanumfari ya taɓa lalata hantar ƙananan yara. Wannan tataccen mai ne, ya sha bamban da 'yan ƙwayoyin kanumfari da muke jefawa a shayi ko kunu.

Ina fatan binciken ya kai ga nasara, domin mu abin ya fi shafa. Rahoton mujallar Lancet ya nuna mutum miliyan 1.27 suka rasu a 2019 saboda ƙwayoyin da suka bijire wa magani, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ke kan gaba. Dabarar haɗa magani da mataimaki ma ta taɓa ci: Augmentin amoxicillin ne da wani sinadari da ke kare shi daga ƙwayar.

Yanzu ɗauko takardar awonki. Gaban kowane magani galibi akwai harafin R ko S. Masu S su ne ƙwayar ke ji har yanzu. Kai wa likitanki ya zaɓa miki daga ciki, ki shanye iya kwanakin da ya rubuta, ki kuma tambaye shi abin da ke sa ciwon dawowa, ko ana bukatar awon suga ko hoton ƙoda.